Daga Kaduna zuwa bakin teku: yadda ake binciken kufan mutanen ruwa na ƙarnonin baya

A ƙasan kwallar kakata akwai wani ɗan ƙunshi na tsumma, cikinsa wuri bakwai. Duk an fasa musu baya, sun yi santsi don shan hannu. Ina yaro na ɗauka a bakin rafi ake tsintarsu. Sai da na girma na san wuri halittar ruwan gishiri ce, ba ta rayuwa a kogin Kaduna ko a Neja, kuma mai yawa daga cikin wanda kakanninmu suka kashe a tsibiran Maldif aka kwaso shi, can kudu maso yammacin Indiya. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Ke nan duk sanda muka ce "wuri na gugar wuri", kayan teku muke ambata.

Wannan jagora ta ɗalibin tarihi ce, ko na akiyoloji, wato ilimin tono kayan mutanen da da nazarinsu, wanda ke zaune a Kaduna ko Zariya amma zuciyarsa na kan al'ummomin da suka rayu da teku tsakanin ƙarni na 7 da na 15 miladiyya. Na san abin da za a ce maka: ina kai ina teku? Kada wannan ya karya maka gwiwa. Mafi yawan abin da aka sani game da mutanen ruwa a kan tudu aka tono shi, a jujinsu da masallatansu da maƙabartunsu. Kuma kana da guzuri biyu da masu bincike da yawa ke nema ruwa a jallo: Larabcin da ka fara tun makarantar allo, da sanin yadda garin Musulmi mai kasuwa yake tafiya.

Mataki na farko: ƙuntata tambayarka

Mutanen teku na wancan zamani suna da yawa, daga 'yan Bikin na arewacin Turai har zuwa matuƙan Jaba da Sumatira. Shawarata ka ɗauki gaɓar Suwahili, daga Mogadishu zuwa arewacin Mozambik, ka tsaya kafin zuwan Turawan Fotugal a 1498. Nan ne Larabcinka zai yi aiki, nan ne kuma kayan da aka tono suka fi kama da namu.

Daga nan ka matse. "Cinikin tekun Indiya" ba tambaya ba ce, kanun littafi ne. Tambaya ita ce irin wannan: wane irin wuri ne ke cikin kayan da aka tono a arewacin Nijeriya, kuma a wane zurfi? Ko kuwa: yaushe mutanen Shanga, tsohon garin Suwahili a tsibiran Lamu na Kenya, suka fara cin kifin can cikin teku? In ba za ka iya faɗin kayan da za ka ƙirga ko ka auna don amsa tambayar ba, da saura.

Mataki na biyu: fahimci iska kafin komai

Nan zan daɗe, domin wanda bai gane iska ba zai yi ta karanta sunayen garuruwa bai san abin da ya ajiye su a wuraren ba.

Ka san iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, ta damina kuma daga kudu maso yamma. A yammacin tekun Indiya ma haka iska ke juyawa sau biyu a shekara. Suwahilawa na kiran ta farko kaskazi, ta biyu kusi. Jirgin da ya taso daga Oman ko Farisa ko Gujarat kaskazi ce ke turo shi Afirka. In ya iso, ba shi da hanyar komawa sai iska ta juya. A tsakiyar kusi kuma teku kan yi fushi, don haka ana tashi ne a farkonta, wajen Afrilu, ko a ƙarshenta, wajen Agusta da Satumba.

Dubi abin da wannan ya haifar. Baƙon ɗan kasuwa dole ya zauna watanni a gari. Yana buƙatar masauki, ma'aji, da wanda zai tsaya masa a ciniki. Ibn Battuta ya ba da labarin yadda a Mogadishu samari kan tare jirgi cikin ƙananan kwale-kwale, kowa da akushin abinci a rufe, ya miƙa wa ɗan kasuwa ɗaya, shi ke nan ya zama baƙon gidansu, mai masaukin ne zai sayar masa ya saya masa. Duk wanda ya san yadda fatake ke sauka gidan maigida a zango, ko yadda dillali ke tsayawa a kara, ba ya buƙatar dogon bayani. In ka ga taswirar gidan dutse na Suwahili da ɗakin baƙi kusa da ƙofa, ka tuna zaure.

Iskar ce kuma ta ɗaukaka Kilwa, tsibirin da ke kudancin Tanzaniya. Tana kusa da iyakar inda jirgin arewa zai iya kaiwa ya koma cikin shekara guda, sai ta zama maƙogwaron zinariyar da ke fitowa daga tudun Zimbabuwe ta tashar Sofala da ke gaɓar Mozambik. An tsinci kuɗin tagulla na Kilwa a kufan Babbar Zimbabuwe.

Aikinka a wannan mataki: buɗe Google Earth, ka bi gaɓar daga Lamu zuwa Kilwa, ka lura da inda tsibiri ya kare mashigi daga igiyar ruwa, da inda kogi ya shiga teku. Sannan ka ɗora wuraren a QGIS, manhajar taswira ce kyauta. Mako biyu sun isa ka koyi abin da kake buƙata.

Mataki na uku: karanta, amma kada ka miƙa wuya

Fara da shaidun gani da ido. Al-Mas'udi ya je tsibirin Ƙanbalu na gaɓar Gabashin Afirka a 916. Al-Idrisi ya kammala littafinsa na ƙasashe a 1154, ko da yake shi daga bakin matafiya ya tattara. Ibn Battuta ya sauka Kilwa a 1331, zamanin Sarki al-Hasan bin Sulaiman. Ka neme su da Larabci in za ka iya, domin fassara kan haɗiye abubuwa. Arewa House da ke titin Rabah da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru nan ne wuraren farawa. Don rahotannin tono kuwa, mujallar Azania ta cibiyar binciken Birtaniya da ke Nairobi ita ce gidan abin.

Ga misalin da ya sa na ce kada ka miƙa wuya. Ibn Battuta ya yabi Kilwa, ya ce gine-ginenta na katako ne. Amma Neville Chittick, wanda ya yi tono a can daga 1958 zuwa 1965, ya fito da babban masallaci na dutsen murjani da farar ƙasa, da fadar Husuni Kubwa mai ɗakuna sama da 100, wadda aka gina a zamanin sarkin da Ibn Battuta ya gani. Wa ya yi kuskure? Mai yiwuwa babu. Talakawan gari a gidajen itace da laka suke, su ne mafi yawa, kuma irin gidajensu ba sa barin kango a tsaye. Rubutu ya ga abin da ƙasa ta cinye, ƙasa ta riƙe abin da rubutu ya tsallake. Ka buɗe littafi mai shafi biyu, hagu abin da marubuci ya ce, dama abin da aka tono, ka riƙa alama inda suka saɓa. Sau da yawa binciken kirki daga wannan saɓanin yake tsirowa.

Mataki na huɗu: koyi kaya da hannunka

Ba a koyon tsingaro daga hoto. Rubuta takarda ta hannun sashenka zuwa ga mai kula da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, ko gidan kayan tarihin sashen akiyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello, ka nemi izinin duba abin da ke ma'aji. Ka tafi da ma'aunin kauri, ƙaramin sikeli, tabarau mai ƙara girma, fensir da takardar zane.

Fara da wuri, tun da shi ne namu. Iri biyu suka yi yawo a ƙasar nan. Na Maldif, wanda masana ke kira moneta, yana da 'yan ƙulle-ƙulle a gefe. Ɗayan, anulus, bayansa sumul ne da zobe ruwan ɗorawa kewaye, kuma 'yan kasuwar Jamus ne suka yi ta jigilarsa daga yankin Zanzibar zuwa gaɓar Yammacin Afirka tun daga shekarun 1840, har darajar wuri ta faɗi. Da na koma kan ƙunshin kakata da wannan ido, biyar masu zobe ne. Ashe ba su kai tsufan da na yi zato ba. In an fasa bayan ko ya goge, ka dubi siffar gefe da haƙoran bakin. Auna tsawo, rubuta yadda aka huda, rubuta inda aka samo.

Wurin da ya fara zuwa ƙasar nan ta hamada ya biyo. A 1964 Théodore Monod ya tarar da kayan wani ayari a binne a Ma'adin Ijafen, cikin saharar Muritaniya: sandunan farin ƙarfe mai ruwan tagulla kimanin 2,000, tare da tarin wuri. Ibn Battuta, wanda ya zauna a Maldif, ya ce can ana sayar da wuri 400,000 a dinari ɗaya, amma a Mali da Gawo ya ga 1,150 ne a dinari. Wannan tazarar ita ce ribar da ta ɗauko shi ta teku da raƙumi. Kusa da gida kuma, a kaburburan Durɓi Ta Kusheyi da ke jihar Katsina, tonon 1992 ya fito da wuri da duwatsun ado da tasoshin ƙarfe na ƙasashen nesa. Ka ga kana iya yin bincike kan cinikin teku ba ka bar Arewa ba.

Sai tangaran. Ka haddace manyan iri huɗu da lokutansu a gaɓar Suwahili: tuluna masu sheƙin shuɗi-kore daga yankin Basra, ƙarni na 8 zuwa na 10, kwanonin Farisa masu zanen karce, na 11 zuwa na 13, koren tangaran na Sin, wanda ya yawaita daga na 13 zuwa na 15, fari mai zanen shuɗi daga na 14. Amma ka riƙe wannan da kyau: a kusan duk waɗannan garuruwa, tangaran na waje ɗan kaɗan ne. Mafi rinjaye tukwanen gida ne da aka gina da hannu, kuma na ƙarnonin farko suna da zanen kusurwa uku a wuya, irin wanda ake samu har can cikin ƙasa nesa da teku.

Mataki na biyar: je ka ga masu ruwa na gida

Teku ta yi nisa, amma mutanen ruwa ba su yi ba. Akwai Sarkawa a Yawuri, akwai Kyadya na ƙasar Nupe a Muregi, inda kogin Kaduna ke zuba cikin Neja, akwai Buduma a tafkin Chadi. Ka fara gaida sarkin ruwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Zauna da masassaƙin jirgi. Tambaye shi: Baba, wane itace ne ba ya ruɓewa a ruwa? Da me ake toshe ɓaraka? In jirgi ya mutu ina ake kai gawarsa? Sannan ka dubi jujin unguwar masunta ka kwatanta da na manoma. Abin da kake koyo shi ne irin sawun da sana'ar ruwa ke bari a ƙasa. Kada dai ka ɗauka abin da ka gani yau shi ne na shekara dubu da suka wuce.

Ka kuma tuna ƙasarmu na da kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a jihar Yobe ta yanzu. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Mataki na shida: izini, sannan tono

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono ba da izininta ba, ta kuma hana cinikin kayan tarihi. A Tanzaniya ana neman izinin bincike daga hukumar kimiyya da fasaha ta COSTECH, a Kenya daga takwararta NACOSTI tare da hukumar gidajen tarihinsu. Ɗalibi ba ya buɗe rami shi kaɗai. Hanya ita ce ka goge a fitar da sashenka ke yi zuwa kufai irin su Kufena da Turunku, sannan ka rubuta wa shugaban wata tawaga a gaɓar ka nemi shiga. Ka faɗi abin da ka iya a fili: zanen tsingaro, taswira, karanta rubutun Larabci. Ka fara koyon Suwahili tun yanzu, za ka tarar da kalmomin Larabci da yawa da muka yi tarayya.

Wata rana wani bawan Allah ya kawo mini duwatsun ado cike da gwangwanin madara, jajaye da shuɗɗa, wasu har da ƙasa a ramin. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce wani kufai ne. A wane zurfi? Kusa da me? Bai sani ba, yara ne suka tono. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da an san shimfiɗar ƙasar da suka fito, da sun ba mu labarin hanya da zamani. Haka aka yi wa ƙasar Nok a kudancin jiharmu, aka kwashe gumaka aka bar ramuka.

Saboda haka a rami, tsari shi ne komai. Ana shata murabba'i, mita 1 ko 2 kowane gefe, da igiya da turaku. Ana kankare ƙasa da cokalin magini, shimfiɗa bayan shimfiɗa, ana bin canjin launi da taushi. Kowace shimfiɗa da lambarta da takardarta. Kowace jaka alama biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. Hoto da ma'auni da kibiyar arewa kafin a ɗaga komai. In an kai ƙasa, a zana bangon ramin.

Ga inda tonon bakin teku ya bambanta: tankaɗe. Duk ƙasar da ta fito sai ta bi ta rariya mai ido milimita 2 ko 3, in ba haka ba ƙashin kifi da ƙananan duwatsun ado sun tafi. Ƙashin nan shi ke nuna ko mutane a bakin gaɓa suke kamun kifi ko suna shiga can ciki. Da irin wannan shaida masu bincike suka nuna cewa sai wajen shekara ta 1000 Suwahilawa suka rungumi teku sosai. Ka kuma ɗebi ƙasa bokiti guda daga kowace shimfiɗa ka zuba a ruwa, ƙonannun ƙwayoyi za su taso ka tace da ƙyalle. Ta haka aka gane cewa mutanen farko na tsibiran Komoro shinkafar Asiya suka fi ci, alhali na gaɓar dawa da gero. In ruwa ya janye kuma, bi gaɓa da ƙafa, nan ake ganin tarkon kifi na dutse da matakan sauke kaya.

Mataki na bakwai: sa wa abu shekaru

Gwajin kabon ya dogara ne kan cewa rabin nau'in kabon-14 da ke jikin abu mai rai na ɓacewa duk shekara 5,730 bayan mutuwarsa. Ana tura samfur ƙasashen waje, kowane ɗaya ɗaruruwan daloli, don haka zaɓi da hankali. Ƙwayar hatsi ta fi gawayi, domin itacen na iya girmar wutar da ta ƙone shi da shekaru ɗari. Ɓawon halittun teku kan nuna tsufan ƙarya na kimanin shekara 400, haka ma ƙashin mutumin da ya rayu kan kifi yakan ɗan karkata. Naɗe samfur a takardar alminiyam, kada ka taɓa da hannu. In sakamako ya zo, ka daidaita shi da OxCal, manhajar da ke mayar da sakamakon kabon shekarun kalanda, kyauta ce a intanet.

Kuɗi da rubutu sun fi sauƙi, amma da sharaɗi. A Mtambwe Mkuu da ke tsibirin Pemba an sami ɓoyayyar dukiya, dinarin da ya fi sabunta a ciki na 1066 ne. Abin da wannan ya tabbatar kawai shi ne ba a binne ta kafin shekarar ba. Masallacin Kizimkazi a Zanzibar na da rubutun Kufi, tsohon salon rubutun Larabci, mai shekarar hijira 500, wato 1107, amma an sake gina shi daga baya. Tangaran ma haka. Suwahilawa kan jera shi a gurabun bango, kan kuma manna shi a kabari, kamar dai jeren iyayenmu mata da ake gada daga uwa zuwa 'ya. Kwano na iya yin shekara ɗari a ɗaki kafin ya fashe.

Mataki na takwas: ƙarƙashin ruwa

Wannan sai da horon nutso da tawaga, kuma ba da shi za ka fara ba. Jiragen yammacin tekun Indiya ɗinka su ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, ba ƙusa, shi ya sa gawarsu ke wuyar samu. Wanda ya fi shahara an gano shi a 1998 kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya, ɗauke da tangaran Sin kimanin 60,000, ɗaya mai shekarar 826. Kamfanin kasuwanci ne ya kwashe shi, abin da ya jawo ka-ce-na-ce har yau. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta ce zaɓi na farko shi ne a bar abu inda yake. Itacen da ya sha ruwa ƙarnoni, in ya bushe ba magani, tsagewa yake ya lalace.

Mataki na tara: fassara da rubutawa

Masu tonon farko, irin su James Kirkman da ya fara aiki a kufan Gedi na gaɓar Kenya a 1948, sun ɗauki garuruwan a matsayin na Larabawa 'yan ci-rani. Sai Mark Horton ya tona Shanga a shekarun 1980, ya gangara ƙarƙashin masallacin dutse, ya tarar da masallatai a jere ɗaya kan ɗaya, na can ƙasa ƙaramin ɗaki ne na itace na wajen ƙarshen ƙarni na 8, kewaye da tukwanen gida. Garin daga ƙauyen Afirka ya tsiro. Binciken ƙwayoyin gado na 2023 kan gawarwaki 80 ya ƙara wani ɓangaren: iyaye mata akasari 'yan Afirka, iyaye maza da yawa daga Farisa, cuɗanyar ta fara wajen shekara ta 1000. Amma mafi yawan kaburburan na manyan gari ne, kada ka shafa sakamakon kan kowa. Mu da muka san yadda ake jayayya kan labarin Bayajidda ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan a nan.

In ka zo rubutu, raba abin da ka gani da abin da ka fahimta. Sa adadi: tsingaro nawa, daga ƙasa lita nawa, kashi nawa na waje. Faɗi girman idon rariyarka. Kayan da ka nazarta ka mayar da su ma'aji da lambobinsu, ka ajiye kwafin littafin filinka da hotuna a sashenka da gidan tarihin da ya ba ka izini. Sannan ka rubuta shafi biyu da harshen mutanen wurin, Hausa ko Nupanci ko Suwahili, ka koma da kanka ka karanta wa sarkin ruwa da masassaƙin da ya zauna da kai.